Anti Leda da Minti Goma Sha Biyar

Akwai wata maɗaba'a a ƙarshen layin masu sayar da takarda, wadda warin tawadarta ke tarbar mutum tun daga bakin titi. In ka shiga, ka wuce kantar karɓar baƙi, ka wuce wurin da ake yanka takarda, za ka tarar da wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya. A ciki akwai tebur, bayan teburin akwai mace 'yar shekara hamsin da takwas, tabarau a karan hanci, baya a miƙe kamar sandar awo. Ita ke tsara shafi, wato ita ke jera rubutu da hotuna yadda za su zauna a takarda kafin aiki ya je inji. Shekararta talatin da ɗaya a wannan teburin. Gefen katakon da take jingina hannu ya lotsa, ya yi santsi kamar dutsen bakin rafi.

Anti Leda ake ce mata. Da farko a bayan idonta, daga baya har a gabanta, don ita ba ta ga abin kunya a ciki ba. Duk abin da ta saya sabo, da ledarsa zai tsufa. Kujerun falonta suna kuka in baƙo ya zauna. Rimot ɗin talabijin yana cikin rigar da ya zo da ita. Ledar da ke fuskar wayarta ta yi ƙuraje, sai ta karkata wayar kafin ta ga wanda ke kira. In an yi mata magana sai ta ce, "Wanda ya ƙera abu shi ya sa masa riga. Ni wace ce da zan tuɓe shi?"

Da tafireta ta fara. Tana budurwa ta shiga ajin koyon bugu, inda wata malama mai faɗan tsiya ke tsayawa a kansu da agogo a hannu. Abin da malamar ta koya mata, wanda ya bi ta har tsufa, shi ne yadda ake neman iyakar hannu. Ki yi ta ƙara gudu, ki ƙara, har ƙarafan haruffa su haɗu a sama su cije juna. Nan ne bango. Sai ki raba su da yatsa, ki ja baya taku ɗaya, ki zauna a nan. Wadda ba ta taɓa cije haruffa ba ba ta san gudunta ba, wadda kuma ke cije su kullum ba ta gama shafi.

Ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya, mijin direban babbar mota ne, hanya ta fi ta ganinsa har Allah ya karɓi abinsa. 'Yar ta girma, aure ya kai ta nesa. Lokacin da kwamfuta ta shigo maɗaba'a, mata huɗun da suke bugu tare suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa ta riƙa zuwa da sassafe kafin a share tsakar wurin, ta zauna gaban baƙuwar tana lallaɓa ta har suka saba. Tun daga nan ba a ƙara buga kalanda ko littafin makaranta a wurin ba sai ya bi ta hannunta.

Kwamfutar ofis ɗin ita ma ta tsufa tare da ita, sai dai ita tsufanta ya fi nunawa. Matsalar tana wurin fitar da fayil. In an gama gyara aiki, dole kwamfuta ta tattara dukan shafukan da hotunansu ta dunƙule su wuri guda yadda inji zai karɓa. Babban aiki yakan ci minti arba'in. In mai aiki ya hango kuskure ɗaya bayan an fitar, sai a sake wasu arba'in ɗin, inji na tsaye, ma'aikata na hamma.

Mai maɗaba'ar ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ya miƙa wa ɗansa ragama. Wannan ɗan, wanda yanzu kowa ke kira Manaja, a kan cinyarta ya koyi buga ƙararrawar tafireta. Wata Litinin ya leƙo ɗakinta, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota a yatsa.

"Anti, ina son mu ɗan yi magana."

"Ga kujera, ranka ya daɗe." Ba ta ce masa haka sai in ta ji warin wani abu.

Bai zauna ba. Ya ce ya yi magana da wani kamfani a ɗaya gefen gari, su za su riƙa tsara shafi daga ƙarshen wata. Suna da manyan kwamfutoci, babban aiki a minti goma sha biyar suke fitar da shi. Ita kuma za ta koma kanta, ta riƙa karɓar baƙi tana ba su rasit.

"Hutu ne, Anti. Kin yi ƙoƙari."

"Hutu yana nan gaba yana jirana, ba sai ka ɗauko min shi ba. Me ya hana ka sayo wata kwamfutar?"

"Kin san yanzu muka sayi sabon inji. Babu hali."

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, a hankali, kamar mai ba zuciyarta lokacin zama. Kanta ba wurin wulakanci ba ne, ta sani. Amma a kanta hannunta ba shi da aiki sai nuna wa mutane benci.

"In na fitar a sha biyar fa?"

"Da wace kwamfutar?"

"Da tawa."

"Kina da ita ne?"

"Ka tambaye ni ƙarshen wata."

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa tsofaffi. Ya ce ya yarda. Akwai littafin wani dillalin kayan mota, shafi ɗari uku, kowane shafi cike da hotunan kusoshi da bel da fitilu, ranar ƙarshen wata za a kai shi inji. In ta fitar da shi a minti goma sha biyar, teburin nata ne. In ba haka ba, kanta.

Ran Asabar ta kira ƙanenta. Auta take ce masa har yau, ko da yake gemunsa ya fi nata gashin fari. Mai gyaran firiji ne, mutum mai son tsokana, wanda ya yi imani duk ciwon duniya daga zafi yake. Suka nufi benen masu kayan kwamfuta, ita a gaba da takarda a hannu, don ta kwana biyar tana kallon masu haɗa kwamfuta a waya tana rubuta sunayen kaya da rubutunta mai kyau.

Sababbin kwamfutocin da ke cikin gilashi ko farashinsu ba ta tsaya ji har ƙarshe ba, abin da ke jakarta bai kai ƙafarsu ba. Suka hau sama, can lungu, shagon wani da ake kira Garanti, don ko allura ya sayar maka sai ya ce da garanti. Kayan hannu yake sayarwa, waɗanda ofisoshi suka sallama.

Ya karanta takardarta ya ɗaga ido. "Mama, wa ya rubuta miki wannan?"

"Wadda za ta biya ka."

Ya ciro mata madabod, faffaɗan allon nan da komai ke hawa kansa. Ya ciro furosesa, ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu da bai kai tafin hannun jariri ba, wanda shi ne ƙwaƙwalwar. Ya haɗo sauran tarkace da wani akwati mai lotsattsen gefe. Ta gaya masa abin da take nema, minti goma sha biyar. Ya tsotsi haƙori.

"A yadda take, ba za ta kai ba. Sai dai ki yi mata obakulok."

"Yi min Hausa."

"Masu ƙera ta sun ɗaure mata ƙafa a gudun da ba za ta taɓa gajiya ba. Amma tana da saura a ciki. Wannan irin a buɗe take, in kin kunna sai ki shiga wurin saiti, akwai lamba talatin da biyar, ita ce gudunta. Ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sai dai duk gudun da ta ƙara, zafi take ƙarawa. In kika matsa mata da yawa, ko ta tsaya cak, ko ta ƙone."

"In ta ƙone fa?"

"Sai ki dawo ki sayi wata."

Ta dafa jakarta. Ita ta san babu wata.

Da jin an ambaci zafi Auta ya matso. Ya ce in dai haka ne, ba za su ɗauki tsohuwar fanka ba. Ya sa Garanti ya sauko da wani kwali daga saman kanta. A ciki akwai na'urar sanyaya furosesa, hasumiyar siraran ƙarafa jere kamar shafukan littafi, da fanka a gefe, da gindin jan ƙarfe. Duk cikin kayan da ta saya ranar, ita kaɗai ce sabuwa.

"Araha ba ta ado, Yaya," in ji Auta, yana kallon lotsattsen akwatin.

"Ba biki za ta ba."

Garanti ya ce ta bari ya haɗa mata, aikin awa ɗaya ne. Ta ce a'a. Abin da za ta dogara da shi ranar ƙarshen wata, tana son ta san inda kowace kusa ta shiga.

Ran Lahadi da hantsi ta shimfiɗa tsohon zane a teburin falo, ta zuba kusoshi a faranti. Auta bai zo ba, an kira shi wani shagon kifi da firijinsu ya mutu. Ta ɗaga ɗan hannun ƙarfen da ke tsare gidan furosesa, ta nemi alamar kusurwa ta daidaita da 'yar'uwarta, ta saki. Abin ya zauna da kansa, ba turi, kamar kalmar da ta sami gurbinta a layi. Sauran kayan kowanne da ƙararsa in ya shiga daidai, ta riƙa kasa kunne. Siraran wayoyin maɓallin kunnawa su suka ba ta wahala, sai da ta ɗauko hantsakin cire gashi. Yatsun da suka shekara arba'in suna neman haruffa ba tare da ido ba, suka jona su ɗaya bayan ɗaya.

Ta ɗiga man da ake sawa tsakanin furosesa da na'urar sanyaya, kamar ƙwayar wake, yadda ta gani. Sannan ta ciro sabuwar daga kwali ta juya gindinta. Jan ƙarfen yana sheƙi, ta ga idonta a ciki. A kansa akwai 'yar leda shara-shara, da jan rubutu na Turanci cewa a cire kafin a ɗaura.

Ta karanta sarai. Ta shekara tana buga Turancin da ya fi wannan tauri. Amma ai haka suke rubutawa a jikin komai, a jikin agogo ma haka aka rubuta, ga shi can a bango shekara tara yana tafiya da ledarsa. Kuma wannan kyakkyawan ƙarfe, a goga shi a jikin mai, a matse da kusa? Ta shafa ledar da babban yatsa ta ƙara kwantar da ita, ta ɗora, ta ɗaure kusoshi huɗu.

Ta danna maɓalli. Fanka ta juya, sikirin ya kawo haske. Ta zauna a kujera mai kuka ta daɗe tana kallo, ita kaɗai a falo, tana murmushin da ba ta shirya ba.

Murnar ba ta kai la'asar ba. Ta sa littafin dillalin ta ce a fitar. Shafi ashirin na farko suka wuce kamar ruwa a gangare. Daga nan sai tafiya ta koma ta hawainiya. A gefen sikirin akwai lambar da ke nuna zafin furosesa, ta ga ta haura tamanin, ta haura casa'in, fanka na ihu kamar za ta tashi sama. A shafi na saba'in komai ya ɗauke. Ko taɓa lambar gudun ba ta yi ba tukuna.

Ta sake, haka. Washegari ta buɗe gefen akwatin ta kafa masa fankar ɗaki, haka. Ta kira Garanti.

"Ka ce da garanti."

"Mama, ai ke kika haɗa. Garantina a bakin ƙofar shago yake sauka."

Ran Laraba da yamma Auta ya biyo da jakar kayan aikinsa. Ya tarar da ita ta haɗa tagumi gaban buɗaɗɗen akwati, abincin rana na gefe ba a taɓa ba. A ofis kuwa Manaja ya riga ya sa an kawo sabuwar kujera kanta, mai taushi, ya ce don bayanta.

"Kunna mu gani," in ji Auta.

Ta kunna ta sa aikin. Lamba ta fara hawa. Da ta kai casa'in da biyar, sai ya miƙa bayan yatsunsa ya taɓa siraran ƙarafan hasumiyar. Ya ɗaga gira. Ya sake taɓawa, ƙasa-ƙasa kusa da gindi.

"Yaya, taɓa nan."

Ta taɓa. Sanyi ƙalau.

"Mara lafiya na cewa zazzaɓi zai kashe shi, tsumman da aka ɗora masa a goshi kuma ko ɗumi bai yi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Zafin nan ba ya hayewa. Me ke tsakaninsu?"

"Mai. Kamar ƙwayar wake."

"Sai me?"

Ta kau da kai. Ya dube ta, ya dubi rimot ɗin da ke kan tebur, ya dubi agogon bango. Sai ya zauna a hannun kujera, kujerar ta yi ƙara, kafaɗunsa suka fara rawa.

"Yaya. Ba dai."

"Sabuwa ce."

"Na san sabuwa ce, ni na zaɓa."

"A bar kaza cikin gashinta."

"Wannan kazar sai an fige ta. Kin sa wa mai zazzaɓi rigar ruwa, kina ta yi masa fifita ta waje." Ya share hawayen dariya da gefen hannu. "Kawo sukundireba."

"Ajiye hannunka. Ni na ɗaura."

Ta kashe, ta jira ya huce, ta kwance kusoshi huɗun. Ledar ta yi laushi, ta yamutse, jan rubutun ya dame da mai. Ta daɗe tana riƙe da abin. Ba ledar ce ke mata ciwo ba. Tun tana yarinya a gidan da sabon abu ke shigowa sau ɗaya a shekara ta koyi cewa abin da ka tsare shi ke daɗewa, kuma wannan ilimin bai taɓa ba ta kunya ba sai yau. Ta sa farce a kusurwa ta ja. Ta goge jan ƙarfen, ta goge furosesa, ta ɗiga sabon mai, ta ɗora ƙarfe a kan ƙarfe.

"In ka gaya wa wani, ba ni ba kai."

"Wa zan gaya wa? Matata kawai. Da 'yan shagonmu."

Wannan karon lambar zafi ta tsaya a sittin da 'yan kai, hasumiyar ta yi ɗumi a hannu. Shafi ɗari uku suka fita a minti goma sha tara ba kaɗan. Rabin lokacin tsohuwar ofis ke nan har da ragi, amma ba sha biyar ba ne.

Daga nan aikin ya zama nata ita kaɗai, kuma ta gane shi tun ranar farko, don ta taɓa yin sa da yatsu. Kullum da safe kafin ta fita, ta shiga wurin saiti, ta ƙara lamba, ta sa littafin, ta zauna da agogo da fensir. Talatin da takwas, lafiya. Arba'in, lafiya, minti sha shida da rabi. A arba'in da biyu sikirin ya yi shuɗi a tsakiyar aiki, komai ya tsaya. Ta zaci ta ƙone ta. Ta kashe ta kunna, kwamfutar ta tashi. Ta koma ga masu bayani a waya, ta gane cewa mai gudu yana son ƙarin abinci, akwai wata lambar ta ƙarfin wutar da ke shiga furosesa, wadda ake ɗagawa da ƙyar kamar mai zuba gishiri a miyar baƙo. Ita ce kuma lambar da ke kisa in an yi ganganci. Ta ɗan ɗaga ta kaɗan. Arba'in da biyu ta zauna. Arba'in da uku. A arba'in da huɗu agogo ya nuna minti sha huɗu da sakan hamsin da biyar, zafi na wasa da tamanin.

Ta gwada arba'in da biyar, don ta san inda bango yake. Sau biyu sikirin na yin shuɗi. Ta ja baya ta zauna a arba'in da huɗu, ta fitar da littafin sau goma cikin kwana uku, bai faɗi ko sau ɗaya ba.

Ranar ƙarshen wata Auta ya ɗauko akwatin a bayan babur, ita tana biye a mota tana yi masa nuni ya bi a hankali. Dillalin kayan motar ya ce da safe zai zo, bai iso ba sai bayan azahar. Kafin nan injuna sun yini suna aiki, rana ta daki rufin kwano, ɗan ɗakinta ya zama tanda. Wata doguwar kabad ta tsofaffin fayil ta tare rabin tagar, iskar da ke shigowa ba ta kai ta kaɗa takarda ba.

Ta kunna, ta dubi lambar zafi tun kafin a fara komai. Ta fi ta gida da digiri bakwai. Duk gwajinta da sanyin safiya ta yi shi, a falo mai tagogi biyu.

Mutum uku ne tsaye a bayanta. Manaja da wayarsa a hannu ya buɗe agogo. Dillalin, mai tumbi da yawan gumi. Sai mai kula da inji, tsohon abokin aikinta da ake kira Tawada, don hannunsa bai taɓa fita fes ba.

Ta san lissafin. A arba'in da huɗu za ta shiga da sakan biyar, in ta kai. In kuma zafi ya kayar da ita a shafi na ɗari biyu, aikin mutum ne zai tsaya a gabansa. Ta sake kunnawa, ta shiga wurin saiti, ta mayar da lambar arba'in da uku.

"Me kike ragewa, Anti?" in ji Manaja.

"Ɗakinka ya yi zafi. Danna agogonka."

Shafuka suka fara wucewa. Fanka ta ɗaga murya, ba ihu ba, wani dogon numfashi mai ɗorewa. Dillalin yana fifita da hularsa. Tawada ya jingina da ƙofa yana kallon lotsattsen akwatin.

"Wannan a hatsari kika tsinto ta?"

"Kai ma in an buɗe ka ba a san me za a gani ba."

Ɗari biyu. Ɗari biyu da hamsin. Zafi ya taɓa tamanin da huɗu ya tsaya a nan. Ba ta kalli Manaja ba, ba ta kalli agogo ba, tana jin lokacin a jikinta. Shafi na ƙarshe ya shige.

Manaja ya dubi wayarsa, ya buɗe baki, ta riga shi.

"Sha biyar da sakan ashirin. Faɗi yadda yake, kar ka rage min."

"Sha biyar muka ce, Anti."

"Haka muka ce."

Ta haɗa hannu a kan tebur, ba ta tashi ba. Shi ma bai ce ta tashi ba. Numfashin fanka ya fara sauka.

Dillalin, wanda bai san da wata yarjejeniya ba, ya matso da fuska kusa da sikirin. "Tsaya, Hajiya. Koma shafi na ɗari biyu da sha biyu. Wannan lambar bel ɗin ta tsohuwar mota ce, mun canza."

Ta gyara, ta sake fitarwa. Ana gamawa ya tuna hoton fitila a shafi na tara a juye yake. Ta gyara, ta sake. Sai ya kira shagonsa, aka ce masa kaya biyu sun ƙare, a cire su. Sau huɗu ta fitar da littafin kafin la'asar sakaliya, akwatin bai yi tari ba. A na ukun ma ita ta nuna masa inda aka maimaita lamba ɗaya a kan kusoshi biyu daban, ya dafe kai ya ce da an buga haka da ya shiga uku da masu saye.

Tawada ya karɓi fayil na ƙarshe, ya tsaya a ƙofa. "Manaja, wancan kamfanin naka, in mutum ya tuna fitilarsa a juye take, nan take suke gyarawa, ko sai an aika an jira gobe?"

Manaja ya sa wayarsa a aljihu. Ya raka dillalin waje, ya daɗe. Da ya dawo ya tarar da ita tana kwashe fensir da takardunta cikin aljihun tebur, kamar kowace yamma.

"Anti, sakan ashirin fa ya hau."

"Na ji. Ni na faɗa."

Ya sosa ƙeya. Ya dubi akwatin, ya dubi teburin, ya dubi inda katako ya lotsa. "To, bari mu ga wata mai zuwa."

"Ka ga duk watan da kake so. Amma ka sa a janye min kabad ɗin nan daga taga. Sakan ashirin ɗinka suna bayanta."

Ya leƙa waje zai kira ma'aikata, duk suna wurin inji, littafin ya fara fita. Ya ajiye waya da makullin mota a kan teburinta, ya naɗe hannun riga, ya sa kafaɗa a jikin kabad ɗin.

"Ta hagu," in ji ta. "A hankali, kar ka taɓa min waya."